Tsohon Babur da Gardamar Kafireto: Nasiha ga Matasan Sharaɗa, Challawa da Bompai

Kafireto shi ne wurin da fetur yake gamuwa da iska kafin su shiga injin babur. Babu wayar lantarki a jikinsa, babu kwamfuta. Aikinsa duka ya rataya ne a kan zuƙar da fistan yake yi. Iskar da aka zuƙo tana ratsa wani maƙogwaro mai ƙunci, sai gudunta ya ƙaru, gudun nan kuma shi ke tsotso mai daga kofin da ke ƙasa ta waɗansu ƙananan ƙofofi na tagulla da ake kira jet. A ma'aunin nauyi, injin fetur yana son iska kusan kashi 15 ga kashi 1 na mai. In mai ya rinjayi iska, babur ya yi nauyi, ya riƙa baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi. In iska ta rinjayi mai, inji ya ɗau zafi, ya riƙa kakari, ya mutu da zarar an saki totur. Kusan duk gardamar kafireto tana komawa ne ga ɗayan biyun nan.

Sanin wannan ya zama dole ga matasan da ke neman abinci a unguwannin masana'antu na Kano. Bompai ce mafi daɗewa, tun zamanin Turawa. Sharaɗa ta biyo baya da rukunanta uku. Challawa kuwa, can wajen Fanshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, ita ce matattarar kamfanonin jimar fata. Ma'aikacin kamfanin roba ko na fata ko na alewa yana fitowa daga Ja'en ko Sheka ko Dakata, kuma ƙofar kamfani ba ta jiran wanda babur ya mutu masa a hanya. Tun Janairun 2013, da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, wanda ba shi da abin hawa nasa galibi sai adaidaita sahu ko ƙafa. Wannan yana cikin abin da ya sa tsofaffin baburan da iyaye da yayye suka jingine a soro suke da daraja har yau: Honda CG125 da Benly da Roadmaster, Yamaha YB100, Suzuki A100, Vespa, da Jincheng ɗin da 'yan acaɓa suka bari.

Kuskuren sabon mai babur da na yaron gareji iri ɗaya ne. Da babur ya mutu sau biyu, sai a ce a wanke kafireto, ko a ɗauko sukurudireba a hau murɗa duk sukurun da ido ya gani. Sau da yawa kafireton ba shi da laifi, ko kuma laifin daga wani wuri ya taso ya same shi. Tanki ne ke ba shi tsatsa, hanya ke ba shi ƙura, mai sayar da fetur ke ba shi ruwa. A wanke shi yau a bar tushen, jibi a dawo gareji. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a faro daga waje a yi ciki, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma kada a taɓa abu biyu a zama ɗaya. Wanda ya canza filogi, ya murɗa sukuru, ya ɗaga allura duka lokaci guda, ko babur ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe kuma in matsalar ta dawo daga farko zai sake lalube.

Kafin a ɗauki sifana, tambaya ake yi. Bakaniken da ya san aikinsa yakan tsare mai babur: "Da safe yake gardama, ko sai ya yi zafi? In ka ja cok yana tashi? A silo yake mutuwa, ko kana cikin gudu?" Kowace amsa tana nuna wuri. Dalili kuwa, kafireto hanyoyin mai uku gare shi da suke miƙa wa juna aiki. Daga silo zuwa kwatar totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da inji. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar da ke rataye a jikin ɗan fistan ɗin kafireto ce ke iko. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Saboda haka babur da ke gudu lafiya amma ya mutu a duk danja, ba a neman ciwonsa a babban jet. Wanda kuma ke silo lafiya amma ya shaƙe in an ba shi wuta sosai, ba ruwan sukurun silo da shi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko mai yana isowa. A zare tiyon daga jikin kafireto, a buɗe famfon tanki, a tara kwalba mai haske. Ya kamata mai ya zubo a miƙe, ba ɗis-ɗis ba, a gwada kuma har ɓangaren rizab. Kwalbar nan tana ba da labari mai yawa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa a dunƙule. Tsatsa za ta fito jan gari. Akwai kuma wata matsala da ke yaudarar mutane ƙwarai: murfin tanki yana da ɗan hucin da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka ƙone. In ƙura ta toshe shi, babur zai yi kilomita biyu ko uku lafiya, sannan ya fara ja da baya ya mutu, a huta kaɗan ya tashi, ya sake. Da ya mutu a buɗe murfin a saurara; in aka ji ya zuƙi iska kuma babur ya tashi nan take, an gama bincike ba a kwance komai ba.

Sai wuta. A kwance filogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina shi da jikin inji nesa da ramin da ya fito, a buga kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce, kuma ba ta tsallake bugu. Tazarar bakin filogi a yawancin baburan nan milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Launinsa ma abin karantawa ne: ƙasa-ƙasa, lafiya; baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan; baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana hawa ta ringi; fari tas, inji yana yunwar mai kuma yana cikin haɗari. Baburan da suka riga zamanin CDI suna da kwantak da kondensa, tazarar kwantak kuma tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Kwayil ko kondensar da ta tsufa takan yi aiki da sanyi, ta yanke in ta ɗau zafi. Alamarta tana kama da ta yankewar mai, shi ya sa ake gwada wuta a daidai lokacin da babur ya mutu, tun bai huce ba. In babu wuta a lokacin, a ƙyale kafireto.

Bawul ma haka, a injin da ke da shi. Masu babur da yawa ba sa son ƙarar tafet, sai su matsa wa bakanike ya ɗaure har sai ta yi shiru. Ƙarfe kuwa yana buɗewa da zafi. Tazarar da aka cinye tana sa bawul ya kasa rufewa, matsi ya zube, babur ya mutu a silo in ya yi zafi, ƙarshe bawul ɗin ya ƙone. Ana saitawa inji yana da sanyi: milimita 0.08 a CG125, milimita 0.05 a ƙananan Honda irin su C70. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan ya fi shirun da zai kai mutum ga sauke kan inji.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar babur a Kano, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, da kuma a titunan cikin Sharaɗa da Challawa da tireloli suka farfasa. Kamfanin Honda ya san da wannan tun kafin ya fitar da CG125 a 1975. Injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka tarar mutane ba sa canza baƙin mai, matatar iska ta takarda kuma ta cushe da ƙasa. Shi ya sa aka ƙera babur ɗin da inji mai jure sakaci da matata ta soso wadda ake wankewa a mayar. Amma wankewar sai an yi. A wanke soson da kananzir, a matse ba a murɗe ba, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse rarar, domin man ne ke kama ƙurar. Soson da ya toshe yana shaƙe inji, mai ya yi yawa, filogi ya yi baƙi. Waɗansu in suka ga haka sai su cire soson gaba ɗaya su yar, babur ya yi kuzari, su yi murna. Ƙasar da za ta riƙa shiga kai tsaye za ta cinye ringi da bulok kafin damina.

Akwai kuma iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Robar da ta haɗa kafireto da inji tana bushewa da zafi ta tsattsage, ko gaskit ɗin wurin ya mutu. Alamar ita ce silo ya ƙi zama wuri ɗaya: a ba shi wuta a saki, ya rataye a sama ya daɗe bai sauko ba, in ya sauko kuma ya mutu, ko babur ya ƙi tsayuwa sai da cok ko da ya yi zafi. A lanƙwasa robar da yatsa a duba tsaga, ko a fesa ɗan ruwa a mahaɗar inji yana silo. In sautinsa ya canza, ga ɓarakar nan. A injin da ke ƙona mai haɗe da man shafawa na tu-ti, irin su YB100 da A100 da Jincheng, robobin da ke rufe gefen kiranshaf suna yin irin wannan yoyon, salansa kuma tana cushewa da baƙin kwal har babur ya kasa numfashi. Duk wannan ba saitin kafireto ke maganinsa ba.

Man kansa abin tuhuma ne. Ma'aikacin da ya tashi aikin dare, gidajen mai a rufe, wajen 'yan bumburutu zai tsaya, kuma jarka da galan da mazurari duk suna tara ƙasa da ruwa. A shekarun da kananzir ya fi fetur arha an sha cakuɗa su. Ba a bakin titi kaɗai abin yake ba: a Fabrairun 2022 NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ya lalata injuna kuma ya jawo dogayen layuka a ƙasar. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana cin roba. 'Yar matatar mai ta leda da ake sa wa a tsakiyar tiyo kuɗinta kaɗan ne, kuma tana tare mafi yawan dattin. Tankin da ya yi tsatsa a sauke shi, a zuba kananzir da 'yan notuna a girgiza, a ɗauraye har sai ya fito fes. Babur da za a ajiye wata da watanni kuwa, a rufe famfo a bar inji ya shanye abin da ke kofi, domin fetur in ya bushe yana barin danƙo mai toshe jet. Yawancin baburan da aka fito da su daga soro wannan ne ciwonsu.

In duk waɗannan sun wanke kansu, sai a buɗe kafireto, kuma a nan ne ake gane mai haƙuri. A shimfiɗa farin tsumma a cikin faranti, nesa da ƙasa da iska. A ɗauki hoto da waya kafin a zare komai. Kafin a kwance sukurun saiti, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya taɓa, a riƙe lissafin. Matse shi da ƙarfi yana lalata tsininsa. Sukuran kofi suna da laushin kai, sai an danna sukurudireba sosai kafin a juya. Abin da aka tarar a kofin shi ke faɗin tushen ciwo: jan gari daga tanki, danƙo mai ruwan ɗorawa ko kore daga tsohon mai, farin gari mai kama jiki daga ruwa.

Fulota tana aiki ne irin na ƙwallon tankin ruwa na saman gida: mai ya cika, ta taso, ta tura ɗan bawul ya rufe hanya. In ta tagulla ce, a girgiza ta a kunne. In an ji motsin ruwa a ciki ta huje, za ta nutse, mai ya riƙa tsiyaya ta tiyon obafulo, babur ya shaƙe. A duba tsinin ɗan bawul ɗin. In ya yi zobe a jikinsa ya gama aiki. Ƙwayar yashi ɗaya a mazauninsa ta isa ta hana shi rufewa, shi ya sa wani lokaci ƙwanƙwasa kofi da ƙotar sukurudireba ke tsayar da yoyo, na ɗan lokaci. Ana gane tsayin mai ba tare da na'ura ba: a sa tiyo mai haske a mazubar kofi, a lanƙwasa shi sama a jikin kafireto, a sassauta sukurun zubarwa. Mai zai tsaya a tiyon daidai inda yake a ciki, kuma a yawancinsu wurin yana dab da mahaɗar kofi, ƙasa kaɗan. In ya yi ƙasa sosai, babur zai yanke a gudu. In ya haura, zai sha mai ya mutu a silo.

Ƙaramin jet shi ne ya fi kowa toshewa, domin hucinsa bai kai rabin milimita ba. A ɗaga shi sama a leƙa haske: ya kamata a ga da'ira zagayayya, ba rabi ba. A jikinsa da jikin bututun babban jet akwai waɗansu ƙananan huda na gefe da ake yawan mantawa. A jiƙa su a fetur mai tsabta, a zura silin jan ƙarfe guda ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, a kai wa mai faci ya busa da iska, bayan an cire fulota da duk wata roba. Allurar ɗinki da silin wayar kuloci haramun ne a wannan aiki. Ƙarfensu ya fi tagulla tauri, suna faɗaɗa hucin, kuma jet ɗin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Daga ranar babur ya zama mashayin mai.

Saiti sai inji ya yi zafi. Sukuru biyu ne a waje: ɗaya yana ɗaga ɗan fistan ya ƙara ko ya rage silo, ɗaya yana daidaita cakuɗin mai da iska. Na biyun in yana ɓangaren matatar iska, kwance shi iska yake ƙarawa. In yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. A fara daga zagaye ɗaya da rabi, a ɗaga silo kaɗan, a riƙa juya shi kwata-kwata ana dakatawa inji ya amsa, har a sami inda sauti ya fi tashi ya fi daidaito, sannan a sauke silo zuwa wajen juyi 1,400 a minti. In sai an kwance shi fiye da zagaye uku, ko an kusa rufe shi, kafin babur ya tsaya, akwai sauran toshiya ko yoyon iska. A koma baya. Yanayi ma yana da hannu. Da asubar hunturu fetur ba ya saurin zama tururi, don haka neman cok ba ciwo ba ne. A zafin Afrilu kuma, da ma'auni ke haura 40, iska tana yin sako-sako, cakuɗi ya ɗan karkata wajen mai.

Tun 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta ci gaba da hawa, buƙatar da aka fi kai wa makanikai ita ce a rage wa babur shan mai. Sai a sauke allura har ƙarshe, a sa ƙaramin jet, wani ma ya cusa silin waya a cikin babban jet. Wannan tsimi ne mai tsada. Injin baburan nan iska ce ke sanyaya shi, kuma wani ɓangare na zafin man da ke shiga ne ke ɗauke shi. A hana shi mai, a tsayar da shi a cunkoson titin Haɗeja da rana tsaka, sai bawul ya ƙone ko fistan ya huje. A tsohuwar Vespa da duk babur da ake zuba wa tu-ti a cikin tanki abin ya fi muni, domin rage fetur rage man shafawa ne, inji kuma yana iya kamewa ana cikin gudu. Ainihin tsimin mai yana wajen iskar taya, sarƙar da aka shafa wa mai, birkin da ba ya riƙewa, soso mai tsabta, da kofin da ba ya ɗiga.

Saura batun canzawa. Honda da Keihin take zuwa, Yamaha da Suzuki galibi da Mikuni, Vespa da Dell'Orto, kuma an zaɓi lambobin jet ɗinsu ne daidai da injin. Sababbi masu arha da ake samu a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa sukan yi kama da su a ido, amma jet ɗin ciki ba lallai ya dace ba, ƙarfen kuma ba ya kai na asali ƙwari. Kafireto na asali yana mutuwa ne kawai in jikinsa ya fashe, ko zaren sukuru ya cinye, ko ɗan fistan ya sance har yana kaɗawa a raminsa, iska na bi ta gefe. Ban da wannan, gaskit da ɗan bawul da jet duk ana sayensu daban. Ko an sa sabo, kada a bar tsohon a gareji. A tafi da shi gida, domin lambobin da ke jikin jet ɗinsa su ne ma'aunin da za a saita sabon a kai.

Aikin nan da fetur ake yinsa, don haka ba a yinsa kusa da taba ko murhun mai shayi ko janareta, ba a kuma tsotsar tiyo da baki. Babur da ke mutuwa in an saki totur, kada matashi ya ce zai lallaɓa shi da riƙe wuta har ƙarshen wata. A mahaɗar titin Fanshekara da safe, tirela mai ɗauke da kaya ba ta iya tsayawa a tazarar da babur ke mutuwa a gabanta. A ajiye shi a gida, a hau adaidaita sahu, har sai an gano ciwon an gyara.